Kalmar "Cut" a Sana'ar Haɗa Fim: Ma'anoninta a Ingilishi da Yadda Za A Faɗe Su da Hausa

1. Gabatarwa

Kowace sana'a ta kan ɗauki waɗansu kalmomi daga bakin jama'a ta ba su ma'ana tata ta kanta. Masaƙi in ya ce ƙoshiya, ba ta ɗakin girki ya ke nufi ba, ko da ya ke sunan ɗaya ne. Haka abin ya ke ga masu sana'ar fim a ƙasashen da a ke magana da Ingilishi. Sun ɗauki 'yar ƙaramar kalma mai haruffa uku, watau "cut", wadda kowane ɗan firamare ya sani da ma'anar yanka, suka ɗora mata kaya har ta kai ga ɗaukar ma'anoni biyar dabam-dabam, ban da harɗaɗɗun kalmomin da aka gina a kanta.

Dalilin duba wannan kalma shi ne, nazarin fim ya shiga cikin darussan adabin Hausa a jami'o'i da kwalejojin horon malamai, littattafan da a ke dogara da su kuwa yawancinsu da Ingilishi aka rubuta. Malamin da ya fassara "cut" da "yanka" duk inda ya gamu da ita zai sa ɗalibansa su ɗauka aikin mai haɗa fim ragi ne kawai, alhali a wurare da yawa kalmar haɗi ta ke nufi. Wannan takarda za ta bi ma'anonin ɗaya bayan ɗaya, ta nuna inda kowace ta samo asali, sa'an nan ta kawo shawarar kalmomin Hausa da za su fi dacewa da kowace.

2. Siffar kalmar a Ingilishi da takwararta a Hausa

Ba a sami "cut" a rubuce-rubucen Tsohon Ingilishi ba. Ta bayyana wajen ƙarni na 13, ta yi ta ture tsofaffin kalmomin yanka, har waɗanda suka rage, irin su "carve" da "shear", suka koma suna da keɓaɓɓiyar ma'ana, ɗaya ta sassaƙa ko yankan nama, ɗaya ta sausayar tumaki.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, siffar kalmar ba ta sakewa. Da ita a ke faɗin aikin da a ke yi kullum, da wanda aka riga aka yi, da umarni, kuma ita ce suna, ita ce sifa. Wurin da ta zauna cikin jimla da kalmomin da su ke kewaye da ita su ne kaɗai ke nuna aikin da ta ke yi. Wannan shi ya sauƙaƙa mata tara ma'anoni ba tare da mai magana ya lura ba.

Hausa kuwa wata hanya ta bi. Bisa ga tsarin azuzuwan aikatau, watau fi'ili, wanda F. W. Parsons ya bayyana a 1960, saiwa ɗaya ta kan haifi siffofi da yawa, kowace da tata ma'ana. A kan ce "ya yanka rago", da "ya yanki nama", da "ya yanke igiya", da "ya yanko ciyawa", da kuma "igiya ta yanku". Na farko yanka ne na wuƙa a wuya, na biyu ɗibar wani sashe, na uku rabawa ɗungum, na huɗu yankewa da kawowa, na biyar kuwa halin da abin ya shiga. Bayan waɗannan akwai datse, da katse, da guntule, da tsinke, da sare. Ashe ke nan inda Ingilishi ya bar kalma ɗaya ta yi ta yawo, Hausa tilasta wa mai magana ta ke yi ya zaɓa. Mai fassara ba shi da mafaka: sai ya san wace ma'ana a ke nufi kafin ya buɗe baki.

3. Ma'ana ta farko: yankan zirin fim

Asalin amfani da kalmar a wannan sana'a yanka ne na zahiri. Fim ziri ne mai tsawo, mai faɗin milimita 35, jere da ƙwayoyin hoto, da 'yan hujoji huɗu a kowane gefen ƙwaya. Tun da aka soma fim mai magana wajen ƙarshen shekarun 1920, aka tsai da cewa ƙwaya 24 za su wuce gaban fitila cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙafa ɗaya ta ziri tana ɗauke da ƙwaya 16, saboda haka minti ɗaya na kallo ya kan ci ƙafa 90, fim na minti 90 kuwa ƙafa 8,100.

Fina-finan da 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna wa jama'a a birnin Paris ran 28 ga Disamba 1895 ba su bukaci almakashi ba. Kowane ɗauka ɗaya ne, bai kai minti guda ba: a kafa kyamara, a juya hannunta har ziri ya ƙare. Amma a shekarar nan ɗin, a kamfanin Edison na Amurka, an yi ɗan gajeren fim a kan fille kan Sarauniya Maryamu ta Sikotilan, inda aka tsai da kyamara, aka musanya ɗan wasa da mutum-mutumi, sa'an nan aka ci gaba. Georges Méliès na Faransa ya mai da wannan dabara sana'a tun daga 1896, ya kan kuma yanke zirin ya liƙa don kada a ga tabon.

Mai wannan aiki da fari "cutter" a ke ce masa, watau mai yanka, ɗakin aikinsa kuma "cutting room". Kayan aikinsa almakashi ne da reza da gam. Mata sun yi yawa cikin sana'ar a farkonta, cikinsu har da Margaret Booth, wadda ta daɗe tana shugabancin masu haɗa fim a kamfanin MGM. A 1924 aka soma sayar wa kamfanonin fim na'urar Moviola ta Iwan Serrurier, wadda ta ba mai aiki damar kallon hoton yana motsi kafin ya sa almakashi. Daga baya sunan "editor", wanda aka aro daga masu aikin jarida da littattafai, ya maye gurbin "cutter", aka kuma soma ba da lambar Oscar ta wannan fanni ga fina-finan 1934.

Yau yawancin aikin a kwamfuta a ke yinsa. Na'urar Avid ta fito a 1989, fim ɗin The English Patient na 1996, wanda Walter Murch ya haɗa da ita, shi ne na farko da aka haɗa ta wannan hanya ya ci lambar Oscar ta haɗa fim. Almakashi ya tafi, amma kalmar ta zauna, har a waɗansu manhajoji alamar reza ce a ke latsawa in za a raba hoto biyu.

4. Ma'ana ta biyu: mahaɗar ɗauka biyu

Nan ne kalmar ta juya. Wanda ya yanke ziri sai ya liƙa shi da wani, in ba haka ba babu abin nunawa. Saboda haka wurin da aka yanke shi ne kuma wurin da aka haɗa. Masu sana'a suka riƙa kiran wannan wuri "a cut", suka kuma gina "cut to", watau a tsallaka daga wannan hoto zuwa wancan nan take. Masana ilmin ma'ana sun san irin wannan sauyi, inda sunan aiki ya kan koma kan abin da aikin ya haifar, kamar yadda "gini" da "ɗinki" su ke a Hausa. Abin da ya bambanta wannan shi ne, abin da aka haifa kishiyar aikin ne. Mai kallo bai taɓa ganin yanka ba, mahaɗa ya ke gani.

A wannan ma'ana "cut" tana da abokan zama guda uku waɗanda ya kamata a bambanta ta da su. Akwai "dissolve", inda hoto ɗaya ya ke narkewa cikin wani. Da "fade", inda hoto ya ke dushewa zuwa duhu ko ya fito daga duhu. Da "wipe", inda sabon hoto ya ke share tsohon daga gefe. Waɗannan duka suna cin lokaci, kuma a al'adar fina-finan da, su kan nuna wucewar lokaci ko sauyin wuri. "Cut" ba ta cin ko ƙwaya ɗaya. Ita ce kuma mafi yawa nesa ba kusa ba. David Bordwell ya nuna cewa fina-finan Amurka tsakanin 1930 da 1960 su kan ƙunshi ɗauka 300 zuwa 700, tsawon kowane, in an daidaita, daƙiƙa 8 zuwa 11, sa'an nan wajen ƙarshen ƙarni na 20 tsawon ya sauko zuwa tsakanin daƙiƙa 3 da 6. Lissafin mai sauƙi ne: fim na minti 90 daƙiƙa 5,400 ne, in kowane ɗauka daƙiƙa 9 ne an sami ɗauka 600, in kuwa daƙiƙa 3 ne an sami 1,800.

Turawan Ingila na garin Brighton da kewayensa suna cikin waɗanda suka fara gane amfanin mahaɗa. A fim ɗin G. A. Smith na 1900 mai suna Grandma's Reading Glass, a kan nuna yaro yana leƙa madubin karatu, sa'an nan a nuna abin da ya gani ya cika allo. Amma Rashawa ne suka mai da abin ilmi. Bayan juyin mulkin 1917, Lev Kuleshov ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa Ivan Mosjoukine, fuskar da ba ta nuna komai, ya haɗa ta da hotuna uku. Bisa ga yadda ɗalibinsa Pudovkin ya ba da labari, hotunan su ne kwanon miya, da gawar mace cikin akwati, da yarinya tana wasa. Masu kallo suka yi ta yabon ɗan wasan, wai ya nuna tunani a kan miya, da baƙin ciki a kan gawa, da murna a kan yarinya, alhali fuskar ɗaya ce. Zirin gwajin ya ɓace, amma darasin ya tsaya: mai kallo ya kan sami ma'anar da babu ita cikin hoton farko, babu ita cikin na biyu, sai a mahaɗarsu. Sergei Eisenstein ya bi wannan hanya a fim ɗinsa Strike na 1925, inda ya haɗa kisan ma'aikata da yankan sa a mayanka.

Ya kamata a lura cewa harsuna ba su dubi sana'ar ta fuska ɗaya ba. Ingilishi da Jamusanci, mai kalmar "Schnitt", sun sa mata suna daga yanka. Faransanci ya ce "montage", watau harhaɗawa, Rashanci da Larabci suka aro wannan. Da "montage" ta shiga Ingilishin Amurka sai ta ƙuntata, ta koma sunan jerin gajerun hotuna da a ke taƙaita dogon lokaci da su. Bahaushe da ya ce "haɗa hoto" ya bi sahun Faransanci ne ba tare da ya aro komai ba.

5. Ma'ana ta uku: umarnin darakta

In ana ɗaukar fim, darakta ya kan ɗaga murya ya ce "Cut!" Nan babu ziri a hannu, babu almakashi. Abin da ya ke nufi shi ne a tsai da kyamara da na'urar sauti, 'yan wasa su dakata. Wannan ta fi kusa da amfani irin na "cut the engine", watau a kashe inji. Takwararta a Hausa "katse" ce ko "tsaya".

Wannan ma'ana ita ce ta fi saurin shiga bakin masu shirya fina-finan Hausa, da siffar "kat". Wasalinta ya bi hanyar da ya bi a "bas" da "gam" da "famfo". Ba a ƙara mata wasalin ƙarshe ba, ko da ya ke yawancin kalmomin Hausa da wasali su ke ƙarewa. Kalmomin da su ke ƙarewa da baƙi sun fi yawa cikin amsa-kama, irin su "cak" da "kaf" da "farat", kuma "kat" ta zauna daidai cikinsu: gajeriya ce, kaifi gare ta, tsayawa nan take ta ke nunawa.

6. Ma'ana ta huɗu: fim ɗin duka a wani hali

Daga mahaɗa ɗaya kalmar ta faɗaɗa ta rufe fim ɗin gaba ɗaya, kamar yadda tela Bature ya ke cewa "the cut of a coat" yana nufin zubin rigar duka. "Rough cut" shi ne haɗin farko, mai tsawo, wanda ba a goge ba. "Director's cut" shi ne yadda darakta ya so fim ɗin ya kasance. Yarjejeniyar ƙungiyar daraktocin Amurka ta ba shi mako 10 a babban fim ya shirya nasa kafin kamfani ya sa baki. "Final cut" kuwa tana da fuska biyu: haɗin ƙarshe da za a kai kasuwa, da kuma ikon faɗin kalmar ƙarshe a kansa.

Wannan iko ba ƙaramin abu ba ne. Erich von Stroheim ya nuna fim ɗinsa Greed yana da tsawon awa tara ko kusa da haka, kamfanin MGM ya fitar da shi a 1924 da kaɗan fiye da awa biyu. A 1942 kamfanin RKO ya rage The Magnificent Ambersons na Orson Welles daga minti 131 zuwa 88, ya kuma sake masa ƙarshe, alhali Welles yana Brazil. Blade Runner na Ridley Scott ya fito a 1982, aka sake fitar da shi da laƙabin "Director's Cut" a 1992, sa'an nan da laƙabin "The Final Cut" a 2007. Mai nazarin adabi zai ga wannan ya yi kama da matsalar kofe-kofen rubutacciyar waƙa: kafin a yi sharhi sai an faɗi wane kofe a ke magana a kai.

A nan fassarar "yanka" ta fi ɓata ma'ana. "Director's cut" sau da yawa ya fi wanda aka kai kasuwa tsawo, domin abin da aka cire ne aka mayar.

7. Ma'ana ta biyar: abin da aka cire

In aka ce hukuma ta nemi "three cuts", ana nufin wurare uku da za a fitar daga fim. Hukumar tace fina-finai ta Ingila an kafa ta a 1912, a Amurka kuma aka soma tilasta dokokin da a ke kira Hays Code a 1934. Daga nan aka sami "uncut", watau fim da ba a cire masa komai ba. Fim ɗin Italiya Cinema Paradiso na 1988 ya nuna wannan aiki ƙarara, inda limamin cocin ƙauye ya ke kaɗa ƙararrawa duk inda ya ga sumba, mai nuna fim ya yanke wurin.

Hausa tana da irin wannan cakuɗewa a kalmar "tace". Da ita a ke kiran aikin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da ta tarayya wadda aka kafa a 1993. Da ita kuma a kan kira aikin edita a jerin sunayen ƙarshen fim. Tacewa fitar da tsaki ne daga gari ko dauɗa daga ruwa, saboda haka ta dace da aikin hukuma ƙwarai. Aikin edita kuwa ya fi ƙarfin fitar da abin da ba a so, domin shi ne ke tsara abin da zai biyo bayan wani, da tsawon da kowane zai yi.

8. Harɗaɗɗun kalmomi

"Cross-cutting" shi ne kai-da-kawowa tsakanin wurare biyu don a nuna abubuwa suna faruwa lokaci guda. D. W. Griffith ya shahara da shi: a The Lonely Villa na 1909 a kan nuna ɓarayi suna fasa ƙofa, a koma ga maigida yana gudu zuwa gida, a sake komowa, kowace komowa ta fi ta baya gajarta.

"Match cut" mahaɗa ce da a ke daidaita siffa ko motsi na hoton farko da na biyu. A Lawrence of Arabia na 1962, wanda Anne V. Coates ta haɗa, mutum ya hure ashana a ofis a Alƙahira, sai ga hamada rana tana shirin fitowa. A 2001: A Space Odyssey na 1968, ƙashin da aka jefa sama ya zama jirgin sama jannati, shekaru miliyoyi suka wuce a mahaɗa ɗaya. Kada ɗalibi ya ruɗe da ashanar Lawrence: "match" a nan daidaitawa ce, ko da ya ke sunan ashana ma haka ya ke a Ingilishi.

"Jump cut" ita ce mahaɗar da ta ke bayyana kanta. In aka cire wani yanki daga tsakiyar ɗauka ɗaya aka liƙa sauran, mutumin da ke cikin hoton sai ya yi kamar ya zabura. Don gudun haka masu sana'a suka kafa ƙa'ida cewa kyamara ta gusa aƙalla digiri 30 tsakanin ɗauka biyu na abu ɗaya. Jean-Luc Godard ya karya ƙa'idar da gangan a À bout de souffle na 1960. Kafin wannan ya yaba wa Moi, un noir na Jean Rouch, wanda ya fito a 1958, labarin samarin Nijar 'yan ci-rani a Abijan, cikinsu har da Oumarou Ganda. Kyamarar Rouch ta wani ce, ba ta kai rabin minti sai ta tsaya, saboda haka fim ɗinsa cike ya ke da gajerun ɗauka.

"Cutaway" shi ne a kau da kai zuwa wani abu na gefe, kamar agogo ko fuskar mai sauraro, sa'an nan a komo. Da shi a ke ɓoye wurin da aka rage magana a hirar talabijin. "J-cut" da "L-cut" kuwa sun sami suna daga siffar da su ke yi a allon kwamfuta: a ta farko sautin fitowa ta gaba ya kan riga hotonta isowa, a ta biyu sautin ta baya ya kan ci gaba bayan hotonta ya wuce.

Waɗansu sun fita daga sana'ar sun shiga maganar yau da kullum. "Cut to the chase" ma'anarta a bar kewaye-kewaye a faɗi abin da ya kawo mutum, "on the cutting-room floor" kuma a kan faɗe ta ga duk abin da aka yi wahalarsa aka watsar.

9. Ko fahimtar mahaɗa sai an koya?

Wannan tambaya ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye. William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Nijeriya wanda ya shugabanci sashen fim na mulkin mallaka da aka kafa a 1939, ya yi imani cewa mutanen da ba su saba da sinima ba mahaɗa tana ruɗa su. Saboda haka ya tsara cewa fina-finan majigi su kasance masu tafiya a hankali, da dogayen ɗauka, ba tare da dabarun kyamara ba, kada kuma a tsallake wani mataki na aiki.

Binciken baya bai goyi bayansa yadda ya faɗa ba. A 1988 Renee Hobbs da abokan aikinta suka buga sakamakon gwajin da suka yi cikin Pokot na Kenya, inda suka nuna labari ɗaya iri biyu, ɗaya da mahaɗai ɗaya babu, suka tarar fahimtar masu kallo ba ta ragu ba saboda mahaɗan. A 2010 Stephan Schwan da Sermin Ildirar suka yi irin wannan a ƙauyukan duwatsu na Turkiyya, suka tarar waɗanda ba su taɓa kallon fim ba suna bin mahaɗa in dai wani aiki da suka sani yana ci gaba ta cikinta, amma waɗansu dabarun su kan ba su wuya. Watau wani sashe ido ya riga ya iya shi, wani sashe kuwa al'ada ce da a ke koya, kamar karatu.

Walter Murch, a littafinsa In the Blink of an Eye, ya kwatanta mahaɗa da ƙiftawar ido, wadda a ganinsa ta kan zo inda tunani ɗaya ya ƙare wani ya soma. Ya jera abubuwa shida da a ke auna mahaɗa da su, ya ba motsin rai kashi 51 cikin ɗari, labari kashi 23, kari kashi 10, sauran ukun, waɗanda suka shafi inda ido ya ke da daidaiton wuri, suka raba kashi 16.

10. Shawara

Bisa ga abin da ya gabata, kalma ɗaya ba za ta wadatar ba. Ga ma'ana ta farko "yanke" ta isa, ba "yanka" ba, don gudun tuna mahauta. Ga ta biyu a ce "mahaɗa", ga "cut to" kuma "tsallaka zuwa". Ga ta uku a bar "kat" yadda ta ke, tun da ta riga ta zauna, a bayyana ta da "katse". Ga ta huɗu a ce "haɗi": haɗin farko, haɗin darakta, haɗin ƙarshe. Ga ta biyar a ce "cirewa", a bar wa hukuma "tacewa", a kira edita mai haɗa hoto. Harɗaɗɗun kuma su biyo baya: kai-da-kawowa, mahaɗar daidaito, mahaɗar zabura, da waiwaye zuwa gefe.

Malamin kwaleji zai iya gwada waɗannan a aji ba tare da wani kayan aiki ba sai abin nuna fim. Ya zaɓi fitowa ɗaya ta minti biyu daga wani fim na Hausa, ya kashe sauti, ya sa ɗalibai su tafa duk inda hoto ya sake. Sa'an nan su raba daƙiƙa 120 da yawan ɗaukan da suka ƙirga, su sami tsawon kowane. Daga nan a koma kan mahaɗa ɗaya tak, a tambaye su abin da suka fahimta bayanta wanda ba su gani a hoton farko ko na biyu ba. Ɗalibin da ya iya amsa wannan ya gane ma'ana ta biyu, wadda ita ce ginshiƙin sauran.